TARIHIN GINA ƘARFI DA NAUYIN JIKI DA SAWUN DA YA BARI A HARSHEN HAUSA

1.0 GABATARWA

A yau idan aka ce saurayi yana neman ƙarfi ko yana son ya tara ƙwanji, abin da yake fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne ɗaga ƙarfe. A unguwannin biranenmu da wuya a rasa lungun da samari suka cika gwangwanaye biyu da siminti, suka soka sandar ƙarfe a tsakaninsu, suna ɗagawa safe da yamma. Amma idan aka ga babban mutum ya dafa ƙasa da tafukansa yana sauke ƙirji yana ɗagowa, ko kuwa yana tsugunawa yana miƙewa ba ƙaƙƙautawa, sai a ɗauka soja ne, in kuwa ba soja ba ne to wani laifi ya yi aka sa shi.

Abin da ake nufi da gina ƙarfi da nauyin jiki a wannan takarda shi ne duk wani horo da mutum yake yi wa tsokokinsa ta hanyar ɗaga gangar jikinsa, ko tura ta, ko jan ta, ba tare da ya ɗauki wani nauyi na dabam ba. Manufar takardar ita ce bin diddigin yadda aka haihu a ragaya, wato yadda wannan hanya mai sauƙi ta rasa daraja a idon Bahaushen birni. Za a nuna cewa tsarin ya iso mana ne ta ƙofar bariki da ta makarantar boko, a matsayin umurni da horo, kuma harshen Hausa ya adana wannan tarihi a kalmominsa da ginin jimlolinsa. Batun ya shafi manazarta harshe kai tsaye, domin likitoci suna ta kiran jama'a zuwa ga motsa jiki saboda yawaitar hawan jini da ciwon suga, alhali kalmomin da za a yi kiran da su kalmomin hukunci ne.

2.0 TUSHEN TSARIN A JAMUS DA SUWIDIN

Tsararren horon jiki na makarantu da barikoki, irin wanda ya iso Nijeriya, ya samo asali ne a farkon ƙarni na 19 daga ƙasashe biyu da suka sha kashi a fagen yaƙi. A shekarar 1806 sojojin Napoleon na Faransa suka murƙushe daular Prussia ta Jamusawa, a 1809 kuma Rasha ta ƙwace yankin Finland daga hannun Suwidin. A ƙasashen biyu an sami masu kishi da suka yi imanin cewa raunin jikin samari yana cikin musabbabin faɗuwar, don haka suka nemi hanyar da za a ƙarfafa mutane masu yawa da kuɗi kaɗan.

A Jamus, Friedrich Ludwig Jahn ya buɗe filin horo a Hasenheide, kusa da Berlin, a 1811. Samari suna hawan igiya da dogayen itatuwa, suna rataya a jikin sandar da aka gitta su ja jikinsu sama, suna dogara hannuwa a kan sanduna biyu masu jere su ɗaga gangar jiki. Akwai wani abu game da Jahn da ya kamata manazarcin harshe ya lura da shi. Ya ƙi amfani da kalmar da Turawa suka aro daga Girkanci don wannan aiki, ya ƙirƙiro kalmar Turnen, sa'annan ya laƙaba wa kayan horon da motsin jikin sunayen Jamusanci, waɗanda ya tattara a littafin da suka wallafa shi da Ernst Eiselen a 1816. Da yawa daga cikin sunayen nan Jamusawa suna amfani da su har gobe.

A Suwidin kuwa, Per Henrik Ling, wanda mawaƙi ne kuma malamin wasan takobi, ya kafa cibiyar horar da malaman motsa jiki a Stockholm a 1813. Ya kasa aikin gida huɗu: na tarbiyya, da na soja, da na magani, da na ƙayatarwa. Bayan rasuwarsa a 1839, ɗansa Hjalmar Ling ya tsara darussan makaranta daki-daki, inda ɗalibai suke tsayawa sahu-sahu, malami ya ba da umurni, su kuwa su miƙa hannu, su sunkuya, su tsuguna, su miƙe a lokaci guda. Mafi yawan wannan motsi ba ya bukatar komai sai fili da muryar malami. Wannan arha tasa ita ta sa tsarin Suwidin ya yi farin jini wurin hukumomin ƙasashe da dama.

3.0 YADDA TSARIN YA SHIGA MAKARANTUN INGILA

Dokar ilmi ta 1870 ta buɗe wa 'ya'yan talakawan Ingila ƙofar makarantun firamare na hukuma. Shekara guda bayan haka aka yarda a riƙa lissafa fareti irin na soja cikin lokacin karatun yara maza, kuma sajan-sajan na soja ne suke zuwa su koyar da shi. Hukumar makarantun Landan ta ɗauko malama daga Suwidin a 1878 don horar da malaman 'yan mata, a 1881 kuma Martina Bergman ta gaje ta, wadda daga baya ta kafa kwalejin horar da malaman motsa jiki a 1885. Ta haka tsarin Ling ya sami gindin zama.

Yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Buwa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ya tayar wa hukuma hankali, saboda an mayar da ɗimbin samarin da suka zo shiga soja gida a kan rashin ƙoshin lafiya. Aka kafa kwamitin bincike wanda ya miƙa rahotonsa a 1904. Daga nan Hukumar Ilmi ta shiga fitar da manhajojin horon jiki bi da bi, a 1904 da 1909 da 1919 da 1933, ita ma rundunar soja ta rungumi tsarin Suwidin a littafin horonta na 1908.

Idan aka yi la'akari da halin da makarantun suke ciki, ba abin mamaki ba ne da aka zaɓi wannan hanya. Malami ɗaya ne a gaban yara hamsin ko sittin, farfajiyar makaranta ƙarama, kuɗin sayen kaya babu. Abin da ake nema ga yaro shi ne ya tsaya a miƙe, ya yi numfashi sosai, ya bi umurni nan take. Ba a tsara darasin don tsokar yaro ta ƙaru ba. Mai ƙarfi da rarrauna duk adadi ɗaya suke yi, lokaci ɗaya suke farawa, lokaci ɗaya suke tsayawa. 'Ya'yan manya kuwa, a makarantunsu na kwana, wasannin ƙwallo da kurket suka fi mayar da hankali a kai. Wato ke nan tun a Ingila fareti abincin ɗan talaka ne.

4.0 SHIGOWARSA NIJERIYA

Ƙofa ta farko da tsarin ya biyo ita ce bariki. Tun a 1863 John Glover ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa a Ikko, a 1897 kuma aka ɗora wa Lugard nauyin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ya ci ƙasar Hausa da ita. An buɗe makarantar horar da kurata a Zariya a 1924. Shekara da shekaru Hausa ce harshen mu'amala a rundunar, saboda haka kalmomin soja na Ingilishi suka kwararo cikinta, irin su soja, da bariki, da kurtu, da kofur, da saje, da samanja, da hafsa, da fareti. Duk wanda ya ga kurtu yana dafe da ƙasa yana sauka yana tashi, ya gan shi ne da saje a tsaye a kansa yana daka masa tsawa.

Ƙofa ta biyu ita ce makarantar boko, wadda ta fara a Arewa a hukumance da makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, sa'annan Kwalejin Katsina ta biyo baya a 1921. Manhajar Ingila ta 1933 ita ce ta daɗe tana aiki a makarantun Nijeriya, kuma a wurare da yawa tsofaffin sojoji ne suka riƙe darasin, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a 1957 aka fara horar da ƙwararrun malaman wannan fanni a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, Jami'ar Nijeriya ta Nsukka kuma ta fara karatun digiri a kansa a 1961. Kafin wannan lokaci tuni ɗabi'ar ta kafu, malamin aji ya gane cewa motsin da ake yi da safe don lafiya, idan aka tsawaita shi da rana tsaka, ya zama bulala marar tabo.

Mulkin soja ya ƙara wa abin ƙarfi. Sansanonin masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda aka fara a 1973, sun ɗora masu digiri a kan fareti da asuba. A zamanin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984 kuwa, har ma'aikatan gwamnati magidanta sojoji suka riƙa sa wa tsallen kwaɗo a bainar jama'a saboda makara zuwa ofis.

4.1 Shaidar Harshe

Dubi waɗannan jimloli da kowane mai jin Hausa ya saba da su:

(1) Malam ya sa su tsallen kwaɗo.
(2) Sojoji sun ba shi gwale-gwale.
(3) An sa ta kamun kunne.
(4) Audu yana ɗaga ƙarfe.
(5) Audu ya tara ƙwanji.

A jimloli na (1) zuwa na (3), wanda jikinsa yake aikin ya zo ne a gurbin karɓau, aikatau kuwa shi ne “sa” ko “ba”, kuma mai iko ne yake zaune a gurbin aikau. A jimloli na (4) da na (5) mai jikin shi ne aikau, shi ya ga dama ya yi, kuma sakamakon nasa ne. Da wuya a ji Bahaushe ya ce “bari in je in yi gwale-gwale” da nufin neman lafiya, sai dai a cikin raha. Ita ma kalmar atisaye, ko da yake yanzu ana faɗinta game da 'yan ƙwallo, kunne ya fi sabawa da ita a labarin sojoji. Kalmar da ta kuɓuta daga wannan tabo ita ce “motsa jiki”, sai dai ita kuma faɗinta ya yi yawa, ta haɗa tattaki da guje-guje da ƙwallo da iyo. Idan ma'aikacin lafiya ya ce wa dattijo ya riƙa motsa jiki, dattijon zai ce ai kullum da ƙafa yake zuwa kasuwa, maganar ƙarfafa tsoka kuwa ba ta iso gare shi ba sam.

5.0 ABIN DA TURAWA SUKA TARAR

Kada a ɗauka cewa Hausawa ba su san gina jiki ba sai da saje ya zo. Manomi da maƙeri da mai haƙar rijiya, da macen da take daka da ɗebo ruwa, aikinsu na yau da kullum shi ne horonsu. Idan kaka ta yi aka kimtsa amfanin gona, samari su fita kokawa, mahauta su ɗaure hannu su shiga dambe, makaɗa suna zuga su, ana yi musu kirari. A dandali kuma yara maza suna da wasannin da nauyin jiki kawai suke aiki da shi. A wasan langa yaro yakan kama ƙafarsa ɗaya ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar yana ture abokin hamayya, wanda hakan horo ne mai tsanani ga cinya da ƙugu. A wasan a-sha-ruwan-tsuntsaye, yara sukan dafa ƙasa da hannuwa, su miƙe ƙafafu baya, su riƙa lanƙwasa hannu suna kai baki kusa da ƙasa suna ɗagowa, wanda ya gaji ya faɗi shi ne abin dariya. Wannan shi ne ainihin motsin da kurtu yake yi a bariki, sai dai nan da waƙa ake yi, tsakanin tsara da tsara. Abin da waɗannan wasanni ba su da shi shi ne ƙidaya da tsari na kullum, kuma da yaro ya girma sai ya bar su a dandali.

Za a fi gane muhimmancin wannan giɓi idan aka kwatanta da Indiya, wadda ita ma Ingila ta mulka. 'Yan kokawar gargajiya na can suna da gidajen horo da malamai, suna da motsi biyu da suke yi kowace asuba, kowanne da sunansa. Dand shi ne dafa ƙasa a sauke ƙirji a shuɗa gaba a ɗago, baithak kuma shi ne tsugunawa da miƙewa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Ghulam Muhammad, wanda aka fi sani da Gama, haifaffen yankin Punjab a 1878. An ruwaito cewa yakan yi dubban dand da baithak a rana guda, ko da yake yakan haɗa da wani zoben dutse mai nauyi da yake ratayawa a wuya. A Landan a 1910 ya kara da Stanislaus Zbyszko na Poland, wanda ya kwanta ya manne da ƙasa kusan awa uku aka tashi ba kaye, da aka sa ranar sake karawa kuwa bai zo ba. Da suka sake haɗuwa a Patiala a 1928, ko minti ɗaya ba a yi ba Gama ya kayar da shi. Ya rasu a Lahore a 1960. Sarakunan Indiya ne suke ɗaukar nauyin irin su Gama, saboda haka yaron da yake tsugunawa yana miƙewa a can gwani yake kwaikwayo. Fareti ya shiga makarantun Indiya kamar yadda ya shiga namu, amma ya tarar da motsin yana da suna da iyayen gida, bai iya mayar da shi hukunci zalla ba.

6.0 YADDA ƘARFE YA KARƁE FAGE

A daidai lokacin da hukumomi suke tsayar da yara sahu-sahu, 'yan kasuwa suna tallar wata hanya dabam. Eugen Sandow, Bajamushen da ya zauna a Ingila, ya yi suna da nuna murɗaɗɗen jikinsa a gidajen wasa, ya sayar da ƙananan ƙarafan hannu da littattafai, ya kuma shirya babbar gasar masu ƙirar jiki a Landan a 1901. A 1902 Alan Calvert ya kafa kamfani a Amurka mai ƙera sandar ƙarfe da ake ƙara wa faifai ko a rage. Sa'annan a 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya wallafa sakamakon jinyar da ya yi wa sojojin da suka ji rauni, inda ya nuna cewa tsoka tana farfaɗowa da sauri idan ana ƙara mata nauyi sannu a hankali gwargwadon ƙaruwar ƙarfinta. Wannan ƙa'ida ta ƙarin nauyi mataki-mataki ita ce ginshiƙin horon ƙarfi har yau.

A nan ne ƙarfe ya yi wa fareti fintinkau. Mai ɗaga ƙarfe yana iya cewa bara kilo arba'in yake ɗagawa, bana sittin, yana ganin ci gabansa da idonsa. Ɗan fareti kuwa abin da ya yi a aji uku shi zai yi a aji shida. Da finafinan Amurka suka cika gidajen silima da jarumai masu faffaɗan ƙirji, musamman bayan fitowar Arnold Schwarzenegger, sai samari a ko'ina suka kammala cewa ƙarfe ne kaɗai yake gina jiki.

Duk da haka akwai waɗanda suka riƙe ɗaya hanyar, kuma suka gyara ta. J. P. Müller na Danmak ya fitar da littafi a 1904 mai koyar da motsin minti goma sha biyar a rana a cikin ɗaki, aka fassara shi zuwa harsuna da yawa. Charles Atlas na Amurka ya riƙa sayar da darussa ta gidan waya waɗanda ba su bukatar ƙarfe. Mafi tsari a cikinsu shi ne wanda Bill Orban ya shirya wa sojojin saman Kanada da suke zaune a sansanoni masu nisa inda babu kayan horo, aka buga shi ga jama'a a 1961. Motsi biyar ne a cikin minti goma sha ɗaya, an jera su a allo shida, kowane allo ya fi na bayansa wuya, kuma mutum ba ya hawa mataki sai ya ƙware a wanda yake kai. Wato an ɗauko ƙa'idar ƙarin nauyi an ɗora ta a kan gangar jiki.

7.0 ABIN DA BINCIKEN ZAMANI YA TABBATAR

Tsoka ba ta san ƙarfe ba, ba ta san siminti ba, abin da ta sani shi ne tsananin jan da aka yi mata da kuma gajiyar da ta kai gare ta. Awon da masana suka yi ya nuna cewa mai dafa ƙasa yana sauke ƙirji yana ɗaga kimanin kashi biyu cikin uku na nauyinsa. Idan ya sa gwiwoyi a ƙasa nauyin ya ragu zuwa wajen rabi, idan kuwa ya ɗora ƙafafu a kan benci ya doshi kashi uku cikin huɗu. Saboda haka mutum mai kilo 75 yana tura kusan kilo 50 ke nan a kowane ɗagowa, kuma yana da hanyar ragewa da ƙarawa ba tare da ya sayi komai ba. Haka abin yake ga tsugunawa, daga ƙafa biyu a koma ƙafa ɗaya.

A 2017 Kikuchi da Nakazato na Japan suka raba samari gida biyu, wasu suna tura ƙarfe marar nauyi sosai a kwance, wasu suna dafa ƙasa da kwatankwacin wannan nauyi. Bayan mako takwas kaurin tsokar ƙirji da ƙarfin ɓangarorin biyu ya ƙaru kusan daidai wa daida. A shekarar dai, Schoenfeld da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike 21, suka gano cewa nauyi kaɗan da nauyi mai yawa duk suna ƙara girman tsoka matuƙar an yi har an kusa gazawa, sai dai nauyi mai yawa ya fi ƙara ƙarfin ɗaga abu mafi nauyi sau ɗaya. Daɗin daɗawa, wani binciken da aka wallafa a 2019 ya bi ma'aikatan kashe gobara 1,104 a Amurka har shekara goma, ya tarar cewa masu iya dafa ƙasa su ɗago fiye da sau 40 sun fi waɗanda ba su iya kai wa goma kuɓuta daga cututtukan zuciya nesa ba kusa ba. Wannan alaƙa ce aka gani, domin mai iya yin haka galibi yana da sauran alamun lafiya.

Hanyar tana da iyakarta. Wanda ya riga ya yi ƙarfi sosai, musamman a cinya da gadon baya, nauyin jikinsa yakan yi masa kaɗan, kuma mai shirin gasar ɗaga nauyi ba shi da makawa sai ƙarfe. Amma yawancin jama'a ba gasa suke nema ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligai da shi a 2020 shi ne su riƙa ƙarfafa manyan tsokokin jiki aƙalla kwana biyu a mako, ban da tafiya ko gudu. Malamin makaranta da matar aure da ɗan fansho duk suna iya cika wannan a tsakar gida, a kan tabarma. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

8.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta bi sawun horon nauyin jiki daga Berlin da Stockholm zuwa makarantun talakawan Ingila, daga can kuma zuwa barikin Zariya da farfajiyar makarantun elementare. An ga cewa hukumomi sun zaɓe shi ne saboda arha da koyar da biyayya, sun kuma cire masa ƙa'idar ƙari mataki-mataki wadda ita ce take gina tsoka, har ya rikiɗe ya zama hukunci a hannun saje da malamin aji. Harshen Hausa ya riƙe shaidar haka a jimlolin da mai motsin yake zama karɓau.

Bisa ga wannan, ana ba da shawarwari guda uku. Na farko, sassan koyar da Hausa su haɗa kai da na ilmin motsa jiki su samar da keɓaɓɓun kalmomi na wannan fanni, kamar yadda aka yi wa nazarin harshe da adabi a ƙamusun da Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990. Na biyu, kafin a ƙirƙiri sabuwar kalma ko a aro ta waje, a fara leƙa dandali. “Shan ruwan tsuntsaye” ya isa suna ga dafa ƙasa da sauke ƙirji, “tsuguna-tashi” da “tsayuwar langa” su ma kunne ba zai ƙi su ba, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake tuna wa mutum bulala. Jahn ya yi wa Jamusanci irin wannan aiki fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Na uku, ya kamata manazarta Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunanmu su duba ko irin wannan ginin jimla yana nan a nasu harsunan, tun da bariki ɗaya da manhaja ɗaya muka ratsa. Hukumomin ilmi kuma su hana malamai yin hukunci da motsa jiki, domin yaron da aka sa tsallen kwaɗo a rana yana ɗan shekara goma, da wuya ya yarda yana ɗan shekara hamsin cewa tsugunawa da miƙewa magani ne.